Waiwaye: nawar ruwan kiristal a gaban hasken leza ba yau ta fara ba

Tun da wutar lantarkin da manyan rumbunan kwamfuta ke lanƙwamewa ta zama abin muhawara, an sake tayar da tsohon burin ƙera na'urar da za ta yi lissafi da haske. Cikin abubuwan da ake gwadawa a ɗakunan bincike har da ruwan kiristal, wanda ke cikin allon yawancin talabijin da kwamfuta. Masu yabonsa suna cewa ɗan haske kaɗan ya isa ya sauya halinsa, masu kushe shi kuma suna cewa nawarsa ta yi yawa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai tushen wannan gardama ya haura shekara 50.

Farkon labarin sananne ne. A 1888 Friedrich Reinitzer ya lura a birnin Prague cewa wani sinadari yana narkewa sau biyu, ya fara zama ruwa mai hazo-hazo, sannan ya washe idan zafi ya ƙaru; wannan ruwa mai hazo-hazo shi ne ruwan kiristal. A 1960 aka ƙera leza ta farko, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi, a 1961 kuma Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka ratsa dutsen kwatz da jan hasken leza, sai wani haske dabam da ido ba ya gani ya fito. Nan aka buɗe fagen nazarin yadda haske mai ƙarfi ke sauya abin da ya ratsa, shi ma abin ya juyo ya sauya hasken.

Gwajin da ba a cika ambata ba shi ne na 1973, wanda George Wong da Yuen-Ron Shen suka yi a Berkeley ta Amurka. Sun ɗumama sinadarin MBBA, wani nau'in ruwan kiristal, har ya ɗan wuce matakin da tsarinsa ke wargajewa, inda ƙwayoyinsa masu siffar ƙananan sanduna ke fuskantar kowace nahiya barkatai. Sai suka riƙa harba masa walƙiyar leza, wadda ke ɗan tura sandunan su fuskanci gefe guda, suna rage zafin sannu a hankali suna aunawa. Abin da suka gani shi ne, gwargwadon yadda ruwan ya kusanci matakin komawa cikin tsari, gwargwadon yadda amsarsa ga haske ke ƙaruwa, amma lokacin da yake ɗauka kafin ya koma yadda yake shi ma sai ya riƙa tsawaita tare da ita.

Dalilin abubuwan biyu ɗaya ne. Kusa da wannan mataki ƙwayoyin sun daina motsi ɗai-ɗai, sun koma juyawa rukuni-rukuni, don haka ɗan turi kaɗan ke karkatar da jama'a mai yawa, amma jama'ar da ta juya tare a cikin ruwa mai kauri ba ta dawowa da wuri. A ganina, duk wanda ya fahimci wannan sakamako ya riga ya ji hujjar ɓangarorin biyu na yau.

Abin da ya biyo baya ƙara fito da shi ya yi. A 1980 masana a Mosko, ciki har da Boris Zeldovich da Nelson Tabiryan, sun nuna cewa a cikin ruwan da ke da tsarinsa amsar ta ninka ta ruwaye na yau da kullum sau miliyoyi, har ƙaramar leza kan sa zobba-zobban haske su bayyana a allon da aka kafa a baya. Amma zobban kan ɗauki lokacin da ido ke iya bi kafin su gama buɗewa. Wajen 1990 István Jánossy na Hangari ya gano cewa ɗigon rini yana rage hasken da ake bukata kusan sau ɗari, wanda ya sa ɗan haske kaɗan ke motsa ruwan, amma bai rage nawarsa ba.

Sabuwar ƙofar da ta buɗe ita ce ta 2017, lokacin da aka samu wani nau'in ruwan kiristal da kawunan ƙwayoyinsa ke fuskantar gefe guda. Irin wannan yana iya sauya hasken da ya ratsa shi zuwa wani haske dabam kamar dutsen Franken, kuma wannan aiki na ilektaron da ke cikin ƙwayar ne, ba ya jiran ƙwayar ta juya.