Kafin ka sake tambayata kan Zanzibar, karanta wannan

Da zarar dogon hutun makaranta ya matso, ko an shiga watannin biki, tambayoyi iri ɗaya ne ke cika min waya. Ga su nan na tara tare da amsoshinsu. Duk wanda ya sake turo min ɗaya daga ciki, wannan rubutun zan mayar masa.

Na ga tikiti mai sauƙi, in saya yanzu?

A'a. Biza tukuna. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin rukunin ƙasashen da sai an miƙa takardunsu ga hedikwatar hukumar shige da fice ta amince, kuma hukumar da kanta ta ce a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada a biya kuɗin jirgi ko na otal sai amincewa ta fito. Abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya karanta labarin Bature da ya karɓi biza a filin jirgi, ya ɗauka har da shi ake. Fasfonku ba ɗaya ba ne. In an nemi shaidar masauki, ka kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba. 'Yan'uwanmu masu fasfon Ghana kuwa ba sa buƙatar biza don gajeriyar ziyara.

Zanzibar ƙasa ce mai zaman kanta?

Tsibirai ne a tekun Indiya, cikin Tanzaniya. Sun haɗe da Tanganyika, wato ɓangaren ƙasar na kan tudu, a 1964, amma suna da shugabansu da majalisarsu. Manyan biyu su ne Unguja da Pemba. Wanda ya ce maka ya je Zanzibar, galibi Unguja yake nufi.

Ta ina ake bi?

Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, ko Kenya Airways ta Nairobi. In ka sauka a Dar es Salaam, jirgin ruwa mai sauri yana kai ka cikin kamar awa biyu. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, ka gyara naka kada jirgin dawowa ya tashi ya bar ka.

Bayan biza sai me?

Katin rigakafin cutar shawara, tunda daga ƙasar da cutar take ka fito. Fasfo mai sauran wata shida aƙalla. Sai inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo tun 1 ga Oktoba 2024, a kan dala 44 ga babban mutum. Ko kana da wata inshorar, sai ka sayi wannan. Kada ka tsaya musu da ma'aikaci a filin jirgi, ka saya ta intanet tun kana gida.

Nawa zan kashe?

Kwana nawa? Ku nawa? Wane wata? Wanda bai amsa waɗannan ba, babu mai gaskiyar da zai faɗa masa adadi. Abin da zan ce kawai, naira da sefa ba su da amfani a can. Ka tafi da dala sabbin bugu masu tsabta, ka canza zuwa sulen Tanzaniya don kasuwa da mota. Kada ka dogara da katin banki shi kaɗai.

Za mu samu abincin halal da masallaci?

Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen tsibirin Musulmi ne, kiran salla zai same ki duk inda kike. Galibinsu Shafi'awa ne, don haka in kin ga ɗan bambanci a salla ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Shinkafar pilau da biriyani da gasasshen kifi da ruwan rake duk suna nan. Manyan otal-otal na bakin ruwa ne ke sayar da giya, wasu har da naman alade a teburin karin kumallo. A nan ne za a buɗe baki a yi tambaya.

Da iyalina zan je. Muna son shiga ruwa, amma ba ma son hayaniya da ganin tsiraici. A wane bakin teku za mu sauka?

Yawwa Alhaji, wannan ce tambayar da ya kamata kowa ya fara da ita, kuma ba zan ba ka amsa guda ba, domin abubuwa biyun da kake nema ba kasafai suke haɗuwa a wuri ɗaya ba.

Fara da sanin halin ruwan. Tsakanin dare da yini, ruwan teku yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. A gabashin tsibirin, wato su Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe, ƙasan ruwan shimfiɗaɗɗe ne har zuwa shingen murjani da ke can nesa. Saboda haka in ruwa ya janye yakan yi nisan ɗaruruwan mitoci, a wani wurin har ya kai kilomita. Hoton da ka gani na shuɗin ruwa yana taɓa matakalar otal, lokacin cika aka ɗauke shi. Ba ƙarya suka yi maka ba, rabin yini suka nuna maka. Mutane da yawa sun biya kuɗi mai yawa, suka fito da hantsi da yara, suka tarar da farin rairayi da 'yan kududdufai, ransu ya ɓaci har ƙarshen hutun, alhali da sun sani tun farko da sun tsara yininsu yadda ya dace.

Mu da muke bin lissafin wata muna da sauƙi a nan. Janyewar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida. A waɗannan ranakun galibi ruwa yana tafiya da hantsi, ya dawo ya cika wajen la'asar. A kwana bakwai ko takwas ga wata, da kuma wajen ashirin da biyu, bambancin yana raguwa: ruwan ba ya nisa sosai, ba ya kuma cika sosai. Akwai jadawalin cika da janyewa na kowace rana a intanet, ka duba na ranakun da za ka yi can kafin ka kama ɗaki.

A arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, gaɓar ta fi zurfi, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, musamman a Kendwa. To amma abin da ya ja ka can shi ya ja kowa. Nan ne cunkoson Turawa da kayan wankansu, nan ne kiɗa da mashaya, kuma a Kendwa ana raƙashewa har tsakar dare a lokacin cikar wata. In kana da 'yan mata da samari masu tasowa, ka yi tunani sau biyu. Ban ce kada ka je ba, domin akwai otal-otal a gefe da suke da nasu keɓaɓɓen wuri, sai dai kuɗinsu ya fi.

To me zan ce maka? Ya danganta. In yaranka ƙanana ne, ni gabas na fi so maka, Jambiani ko Bwejuu ko Pongwe. Ruwa mara zurfi ya fi musu aminci, kuma lokacin janyewa shi kansa abin kallo ne: za ku ga matan ƙauyen sun shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa a wannan gefen. Amma sai da takalmin roba, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke lafewa a cikin duwatsu, in ta soki ƙafa hutun ya lalace. Paje kuwa, ko da yake a gabas take, ba ta da shirun da kake zato, domin iskarta ta jawo masu wasan zamiya a kan ruwa da laima, tare da shagulgulansu.

In kuwa babban burinku shi ne ninkaya, kuma ku biyu ne kawai, misali amarci kuka je ci, to ka nemi arewa, a ƙarshen gaɓa nesa da tsakiyar gari, ku riƙa fita bayan sallar asuba. A wannan lokacin masu shagalin dare suna barci, sai ku da masunta. In aljihu ya yarda, akwai masaukai masu ɗan tafkin wanka a cikin katangar ɗaki, wanda shi ne ya fi ba uwargida sakewa. Wasu kuma suna raba hutun biyu, rabi gabas rabi arewa. Dabara ce mai kyau, amma ka lissafa kuɗin mota, da wahalar kwashe kaya da yara.

Watan tafiya ma yana iya rushe duk wannan. Daga Maris zuwa Mayu babbar damina ce, farashi yana sauka, wasu otal-otal suna rufewa, kuma ana iya yin kwanaki a jere ana zabga ruwa. Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi, tunda tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, amma iskar kudu tana kaɗawa. Nuwamba akwai ƙaramar damina. Janairu da Fabrairu zafi. Dogon hutun makarantunmu yana faɗawa daidai da na Turai, shi ya sa Agusta da ƙarshen Disamba suka fi tsada.

Kafin ka biya, ka rubuta wa otal ɗin tambayoyi uku, ka ce su amsa a rubuce: ana iya shiga ruwa a gabansu in ya janye? Akwai kiɗan dare a wurinsu ko a maƙwabta? Suna barin mace ta shiga tafkin wanka da cikakkiyar sutura? Wanda ya yi ta kwana-kwana, ka bar shi.

Ban iya ruwa ba. Zan iya shiga kwalekwale?

Za ka iya, da rigar ceto a jikinka, a ɗaure. Ba a hannu ba, ba a ƙarƙashin kujera ba. Mai kwalekwalen da ya ce babu ita, ko ya ce babu ta yara, ka sauka ko da ka biya. A nan ba na sassauci. Mafi yawanmu a tudu muka tashi, wanda ya fi gwaninta a cikinmu a kogi ko kududdufi ya koya, kuma teku daban ne. In kun yi nisa a kan rairayi lokacin janyewa, ku juyo da wuri, domin ruwan yana dawowa da saurin da baƙo ba ya zato. Hajiya, kada ki shiga ruwa mai zurfi da abaya ko zani. In sun jiƙe suna yin nauyi, suna naɗe ƙafa. Akwai kayan ninkaya masu rufe jiki gaba ɗaya, ki saya tun daga gida.

Akwai zaki da giwa?

Babu. Wannan sai a babbar ƙasar Tanzaniya, su Serengeti da Ngorongoro, kuma tafiya ce daban da kuɗi daban. Abin da Zanzibar ke da shi, dajin Jozani ne, inda jan birin nan da asalinsa na wannan tsibiri ne kaɗai yake zaune, da gadar katako da ke ratsa itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Kada a ba birai abinci, kada a taɓa su. A tsibirin Changuu akwai manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles a 1919. Don Allah a hana yara hawa kansu. A Kizimkazi ana fita kallon dolfin, wata babbar dabbar teku mai kama da kifi, amma in ka ga kwalekwale da yawa sun yi musu zobe suna kora, ka ce wa naka matuƙin ya ja baya. Tunda ka je can, ka tsaya a masallacin Kizimkazi Dimbani, wanda rubutun da ke bangonsa yake ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. Yana ba ni takaici Musulmi ya wuce ta ƙofarsa don ya je ɗaukar hoton kifi.

Sai na kwana a cikin gari?

Ko dare ɗaya ne. Tsohon garin da ake kira Stone Town yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2000. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa nan daga Maskat a ƙarni na 19, kuma arzikin garin a kan kanumfari da hauren giwa da bayi aka gina shi. Ka je wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, inda cocin Angilika yake yanzu, ka shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Da magariba ka leƙa Forodhani, dandalin bakin ruwa da ake sayar da gasasshen abinci, amma ka tambayi farashi kafin a ɗora maka abu a wuta.

Samarin bakin ruwa masu tallar yawo fa?

Ka ce a'a cikin mutunci ka wuce. Neman abinci suke yi. Kada dai ka ba wanda ba shi da ofis ko shaidar aiki kuɗin gobe tun yau.

Wace tsaraba zan sayo?

Kanumfari, kirfa, masoro da sauran kayan ƙamshi. A kasuwar Darajani za ki saya, inda mutanen gari ke saye, ba a shagon otal ba. Ki shinshina kafin ki biya. Murjani da manyan ƙwaryar dodon koɗi da duk abin da aka yi da bayan kunkurun teku kuwa, ki bar su inda kika gan su, ana iya ƙwace su a filin jirgi har a ci ki tara.