Mene ne sarrafa cunkoso a intanet?

Wata ranar Juma'a bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida a Mabera, ɗiyar yayata tana ƙoƙarin tura wa mahaifinta bidiyon walimar saukar karatu. A wayata aka kunna hotsifot, ni kuma ina kan kiran data da wani abokin aiki. Tana danna turawa muryarsa ta fara yankewa, in yi magana sai an jima ya amsa. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, mi ya sa in na tura abu sai shi tashi da gudu, shi tsaya, shi sake tashi? Ga kuwa sabis cike." Na duba, gaskiyarta, sandunan sabis duk sun cika.

Abin da ta gani yana da suna a wurin masu ilimin kwamfuta, ana ce masa sarrafa cunkoso. Ma'anarsa ita ce ƙa'idojin da na'urar da ke aika saƙo take bi domin ta gano iya nauyin da hanya za ta ɗauka, ta aika daidai gwargwado, ta kuma ja baya da kanta idan hanyar ta cika. A lura, mai aikawa ne ke wannan aiki. Idan kana kallon YouTube, kwamfutar da ke can ce ke auna hanya. Idan kai ne ke tura bidiyo, wayarka ce. Kuma ba shi ne ƙarewar data ba, ba shi ne rage gudun da kamfani ke yi wa wanda ya cinye kasonsa ba.

Intanet ba ta ɗaukar hoto ko bidiyo ɗungurungum. Sai an yanyanka shi an ƙulla ƙanana-ƙanana, yadda mai tebur ke ƙulla sukari, kowane ƙulli bai cika wuce bayit (ma'aunin nauyin bayanai) 1,500 ba, kowanne da lambarsa da adireshin inda za shi. Daga waya ƙullin ya hau ƙarfen sabis, ya shiga wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa, wani ya gangara har Legas, wani ma ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai. A kowace mararraba akwai na'urar da ake kira rauta, mai karɓa ta miƙa gaba. Rauta tana da ɗan wurin jira inda ƙulli ke bin layi idan sun yi mata yawa. Wurin yana cika, sai ta zubar da duk wanda ya ƙara zuwa, ba ta kuma sanar da kowa ba.

Abin da ke rufa wannan asiri shi ne ƙa'idar TCP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarinta a 1974. Mai karɓa yana mayar da ɗan saƙo cewa ƙulli kaza ya iso. Wanda ba a ji labarinsa ba, sai a sake aiko shi. Tun farko TCP ta san yadda za ta saurara wa mai karɓa idan ya ce hannunsa ya cika. Abin da ba ta sani ba shi ne halin da hanyar tsakani ke ciki.

A watan Oktoban 1986 abin ya fito fili a jihar Kaliforniya ta Amurka. Tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar da ke garin Berkeley bai wuce yadi 400 ba, layin da ya haɗa su yana ɗaukar bit 32,000 a daƙiƙa. Kwatsam ya faɗo zuwa bit 40. Wayar ba ta tsinke ba, na'ura ba ta ƙone ba. Hanya ce ta cika aka fara zubar da ƙulli, kowace kwamfuta ta ga nata bai isa ba ta sake aikawa da ƙarfi, sake aikawar ta ƙara cika hanya, aka ƙara zubarwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Layi cike fal da kaya, amma kusan duk maimaicin abin da aka riga aka aika ne. Van Jacobson ne ya zauna ya bi diddigin matsalar tare da Michael Karels, kuma maganin da aka wallafa a 1988 shi ne tushen abin da wayoyinmu ke yi har yau.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai man gyaɗa a Babbar Kasuwa ya ga maganin da idonsa. Ta ɗora mazurari a bakin kwalba, ba ta juye man gaba ɗaya. Tana fara tsiyayawa kaɗan, ta ga ya shige, ta ƙara karkata galan. Idonta yana kan mazurarin. Da ta ga mai ya taru ya doshi baki, sai ta ɗaga hannu, ya sauka, ta ci gaba. Faɗin bakin galan ba shi ne ma'auni ba, wuyan mazurari ne. Bambancin kawai shi ne ita tana ganin mazurarinta, wayarka kuwa ba ta ganin nata. Wuyan yana iya kasancewa a ƙarfen sabis na unguwarku, ko a wata rauta mai nisan kilomita dubu. Kuma ba ita kaɗai ke zubawa a cikinsa ba, akwai ɗaruruwan mutane da ba su san juna ba.

To makaho yaya zai zuba mai? Da kunne. Mai aikawa yana riƙe da wani adadi a ransa, wato yawan ƙullin da ya yarda su kasance a hanya ba a ji isowarsu ba tukuna. Masana na kiran adadin tagar cunkoso. A yau galibi da ƙulli 10 ake farawa. Idan amsa ta dawo duk sun isa, sai 20, sai 40, sai 80. Sunan wannan mataki farawa a hankali, ko da yake mai ninkawa a kowane zagaye ba ya daɗewa bai kai ga bango ba. Ana nan sai ƙulli ya ɓace. Alamar da aka fi ganewa da ita ita ce mai karɓa ya maimaita amsa iri ɗaya har sau uku, kamar yana cewa na baya suna ta zuwa amma ga wani can bai zo ba. Nan take mai aikawa ya raba tagarsa biyu, ya koma rabi. Daga nan ya daina ninkawa, sai ƙarin ƙulli ɗaya tak a kowane zagaye, har a sake yin asara, ya sake rabawa. Idan kuwa shiru ya yi tsawo babu amsa ko ɗaya, sai ya koma farko gaba ɗaya. Wannan hawa da gangara na cikin abin da ɗiyar yayata ta gani a fuskar wayarta.

Ƙari kaɗan-kaɗan, ragi da yawa. Dah-Ming Chiu da Raj Jain sun nuna da lissafi a 1989 cewa idan kowa ya bi wannan, masu raba hanya ɗaya za su yi ta matsowa kusa da rabo daidai, domin mai babban kaso shi ya fi yin asara a kowane ragi. Wannan wuri ne ya fi burge ni a duk ilimin. Babu ɗan sandan hanya a tsakiyar intanet da ke ɗaga hannu yana cewa kai tsaya, kai wuce. Na'urori biliyoyi ne kowace ke kame kanta.

Sai dai rabon yana zama daidai ne idan nisan masu rabawa ɗaya ne, kuma a nan abin ya shafe mu mutanen Sakkwato. Komai na wannan tsari da zagaye ake auna shi, wato lokacin da ƙulli zai je amsa ta dawo. Ɗauki hoto mai nauyin megabayit ɗaya, kusan ƙulli 700 ke nan. Daga 10 ana ninkawa, sai an yi zagaye bakwai kafin ya ƙare. Wanda zagayensa kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ne, kafin ƙiftawar ido ya gama. Wanda nasa kashi ɗaya cikin biyar ne zai kusan cinye daƙiƙa ɗaya da rabi, ko da faɗin layinsu ɗaya. Bayan asara abin ya fi muni. Taga ta faɗo daga 100 zuwa 50, tana buƙatar zagaye 50 ta koma inda take: na kusa daƙiƙa ɗaya, na nesa daƙiƙa goma. Kafin na nesa ya farfaɗo, na kusa ya mamaye gurbin. Shi ya sa nake ganin maganar ajiye bayanai kusa da jama'a, da ƙarfafa cibiyoyin musaya irin IXPN, inda kamfanonin intanet na Najeriya ke haɗa layukansu, domin saƙon cikin gida ya daina zagayawa ta waje, ta cancanci a riƙa yin ta da ƙarfi kamar yadda ake maganar farashin data. Mutumin da ke Illela ko Gwadabawa kuɗi ɗaya yake biya da na Ikeja.

Masana ba su bar abin haka ba. Wani tsarin sarrafa cunkoso mai suna CUBIC, wanda Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, ta mayar nata na yau da kullum tun 2006, yana auna ƙarinsa da agogo, wato tsawon lokacin da ya wuce tun asarar ƙarshe, ba da yawan zagaye kaɗai ba, kuma idan an yi asara yana komawa kashi 70 cikin 100 maimakon rabi. Wayoyin Android a kan Linux aka gina su.

Akwai wata matsalar, ita ce ta yanke mini kira a daren nan. Da ma'ajiyar kwamfuta ta yi araha, masu ƙera na'urori suka faɗaɗa wurin jira domin kada a zubar da ƙulli. Garin neman gira aka rasa ido. Mai aikawa da ɓacewar ƙulli yake gane hanya ta cika, to an hana shi wannan alama, sai ya yi ta zubawa, layi ya yi ta tsawo. Komai zai isa, amma a makare. Bidiyo bai damu ba, murya kuwa ba ta jure jira. Jim Gettys ne ya ja hankalin duniya kan wannan kumburin layi wajen 2010, kuma a 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel, dabarar da ke sa rauta ta duba daɗewar ƙulli a layi, ta zubar da kaɗan da wuri domin mai aikawa ya farga. A 2016 Google ta fito da nata tsarin mai suna BBR, wanda ba ya jiran asara. Yana auna faɗin wuyan mazurari da mafi gajartar zagaye, ya riƙa sakin ƙulli daidai da su. Har yanzu ana muhawara kan ko yana yi wa masu bin tsohon tsari adalci idan sun haɗu a hanya ɗaya. Sabuwar ƙa'idar QUIC, mai aiki irin na TCP, wadda aka tabbatar a 2021, ta canza abubuwa da dama, amma ita ma da nata sarrafa cunkoson ta zo.

An ga amfanin duk wannan ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Kayan da suka saba ɗauka aka tura kan 'yan hanyoyin da suka rage. Intanet ta yi nauyi ƙwarai a Najeriya da maƙwabta, aikin banki ya yi wuya, amma inda hanya ta saura saƙo ya ci gaba da ratsawa, domin masu aikawa sun rage hannu maimakon su ninka kamar na 1986.

A tsakar gidan nan, abin da na iya yi shi ne na ce mata, "Ɗiyata, dakatar da shi minti biyu in gama magana." Ta dakatar, layin da ya taru a wayata ya sauka, muryar abokina ta dawo tas. Da na ajiye kiran ta sake dannawa, muka zuba wa ɗan zoben ido yana cika, yana ɗan tsayawa, yana ci gaba, har alamar isa ta fito.