Faifai ya fara ciwo a RAID 0: ku karanta kafin ku sake tambayata

Faifai (hard disk) ɗaya a NAS ɗina, wato akwatin ajiyar fayiloli mai faifai da yawa a ciki, yana ƙarar ƙwas-ƙwas. In zare shi in sa sabo?

A'a. In dai RAID 0 ne, ka zare ɗaya, ka rasa komai.

Don me?

RAID tsari ne na haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya. RAID 0 yanka fayil yake gunduwa-gunduwa ya rarraba: wannan gutsure a faifai na farko, mai bi masa a na biyu. Babu kwafi ko'ina. Sauri da yalwar wuri yake bayarwa, kariya ba aikinsa ba ce. Sau nawa zan faɗa?

Ai an ce na'urar tana sake gina kanta.

Wasu nau'o'in RAID ake nufi, irin su RAID 1 da 5 da 6, masu ajiye abin da za a sake ginawa da shi. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 biyu. Naka ko ɗaya ba ya jurewa.

To me zan yi yanzu?

Kwashe kayanka zuwa wani wuri, yau ɗin nan. Fara da abin da ba ka da shi ko'ina, sauran su jira. Kuma ka kwantar da hankali, muddin faifan yana karantuwa ba a makara ba.

Ba zan iya kwafe mai ciwon a kan sabo, in mayar da sabon gurbinsa ba?

Ana yi, ni ma na taɓa yi, amma ban ɗaukar maka alkawari ba. Ka kashe NAS ɗin, ka fito da faifan, ka haɗa shi da sabon a kwamfuta mai Linux, ka yi amfani da ddrescue, wata manhajar kwafe faifan da ya fara lalacewa. Shi yakan fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ya dawo kan masu gardama, kuma yana rubuta inda ya tsaya, ko aikin ya yanke ba sai an faro daga farko ba. Sai dai duk inda ya kasa karantawa rami ne a wani fayil, kuma ba lallai ka gane wanne ba sai ranar da ka buɗe shi. Wasu na'urorin sukan karɓi sabon faifan ba musu, musamman masu mdadm (manhajar RAID ta Linux) a ciki, don shaidar RAID ɗin a jikin faifan take kuma ta bi kwafin. Wasu kuwa su yi masa kallon baƙo. In na'ura ta ce za ta goge shi ta shirya, kada ka yarda. Sannan doguwar karantawar kanta tana iya ƙarasa faifan da ke gargara. Shi ya sa nake cewa kwasar kaya tukuna. Tsohon faifan kuma a adana shi, kada a rubuta masa komai.

Yaya zan gane wanne ne mai ciwon?

Duba SMART, wato rahoton lafiyar da kowane faifai ke bayarwa, lamba 5 da 197, masu ƙirga wuraren da suka samu matsala. In suna hawa, shi ne. Rubuta lambar jikinsa (serial number) a takarda kafin ka buɗe akwatin, kada ka bi hasken fitila kawai. Masu zare lafiyayye su bar mara lafiya ba su da iyaka.

Sabon sai ya zama irin tsohon sak?

Kamfani ba dole ba. Girma dai: daidai ko fiye. Ya gaza da ɗan ƙiris, kwafin ba zai shiga ba.