Ƙaruwar jama'a da lalacewar muhalli

Ƙaruwar jama'a na cikin manyan dalilan da masana ke ɗora wa alhakin sare dazuzzuka, ƙarancin ruwa, gajiyar ƙasar noma da ɓacewar namun daji. Al'ummar duniya ta kai biliyan 1 a wajajen 1804, ta kai biliyan 2.5 a 1950, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cikarta biliyan 8 ranar 15 ga Nuwamba 2022. Kowane baki sai an ciyar da shi, shi ya sa noma kaɗai ke shanye kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba daga koguna, tafkuna da ƙarƙashin ƙasa.

Muhawarar ta daɗe. Tun 1798 masanin tattalin arziki Thomas Malthus na Ingila ya yi gargaɗin cewa haihuwa za ta fi ƙarfin abinci. A farkon shekarun 1970 masana kimiyya Paul Ehrlich da John Holdren na Amurka suka bayyana cewa ɓarnar muhalli na fitowa ne daga haɗuwar abu uku: yawan mutane, yawan abin da kowa ke ci, da irin fasahar da ake aiki da ita.

A yankin Sahel matsin ya fi bayyana a gona. Nijar ba ta kai mutum miliyan 4 ba a 1960, yanzu ta haura miliyan 25. Gonar gado da aka raba wa 'ya'ya, sannan jikoki, ba ta ƙara samun hutu. An daina barin saura, an nome burtali da makiyaya, itacen girki kuwa sai an yi tafiya mai nisa. Daga nan iska ke kwashe ƙasar sama, gona ta koma faƙo.

Sai dai a nan ɗin ne kuma, a jihohin Maraɗi da Damagaram masu cunkoson jama'a, manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa lokacin sassabe tun daga shekarun 1980, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Batun ɗumamar yanayi kuwa, rashin adalci ne a jingina shi ga haihuwar talakawa. Afirka na ɗauke da kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen duniya, amma hayaƙin kabon da take fitarwa daga ƙona mai, gas da kwal bai wuce kashi 4 ba.