Sensar laima ta kayan halitta

Sensar laima wata 'yar na'ura ce da ke auna yawan ruwan da ke cikin iska, za ka same ta a injin ƙyanƙyasar ƙwai, wasu na'urorin sanyaya ɗaki da sito na zamani. Yawancin na kasuwa da wata roba ta musamman ake yin su, amma masu bincike sun daɗe suna gwada abin da ya fito daga jikin dabba da tsiro: takarda, siliki, farin ƙwai, wannan siririn tantanin da ke manne cikin ɓawon ƙwai, har da citosan da ake cirowa daga ƙwanson jatan lande da ƙaguwa.

Dabarar fa tsohuwa ce. Tun 1783 wani mutumin Janeba (birnin da ke Suwizalan a yau), Horace-Bénédict de Saussure, ya ƙera ma'aunin laima da gashin mutum, don gashi na ƙara tsawo kamar kashi 2 cikin 100 in iska ta jiƙe, sai ya ja allura ta motsa. Yanzu lantarki ne ya gaji allurar. Ana shafa ɗaya daga cikin kayan halittar nan siriri a kan ƙarafa biyu masu haƙora kamar mataji biyu da aka sarƙe ba su taɓa juna ba, in ya sha laima sai wuta ta fi wucewa ta cikinsa ko cajin da yake riƙewa ya ƙaru, tunda ruwa na riƙe caji wajen ninki 80 na iska, na'urar kuma ta mayar da canjin lamba.

Sensar kayan halitta ga araha, kuma in ta lalace tana ruɓewa, saɓanin tulin matattun kayan wuta da ake gani a kasuwar Alaba ta Legas. An ma gwada ta takarda cikin takunkumin fuska tana ƙirga numfashin mutum.

Sai dai ƙishirwar nan da ta sa take aiki ita ce cikas ɗinta. A gari irin Legas da laima kan haura kashi 80 da damina, ɗan albasa a kasuwar Mile 12 ya san yadda buhu ke tashi da wari cikin 'yan kwanaki, to haka fumfuna ke kama takarda, ita da citosan kuma su kumbura, in sun jiƙe kuma su yi nawar bushewa sai sensar ta riƙa ba da lambar ɗazu. Shi ya sa ake ɗaure su da wasu sinadarai ko a gauraya da garafin, wani siririn nau'in sinadarin kabon, kuma har yau galibinsu suna ɗakin gwaji ne.