Ba Iskar Gas Ce Ke Tsirar da Baƙuwar Ciyawa Ba

Wasu na cewa iskar gas da ke fitowa daga ƙasa ce ke haifar da baƙuwar ciyawar da ke mamaye kewayen rijiyoyin gas. Ganin ciyawar a wurin gaskiya ne, amma ba ta tsirowa sai da iri. A dazuzzukan Fensilbaniya ta Amurka, irin wata ciyawar Asiya da aka fara gani a ƙasar a 1919 yana isowa ne cikin tsakuwar shimfiɗa hanya da lakar tayoyin manyan motoci, sai ya tarar da filin da aka sare wa itatuwa. Mai son tabbatarwa ya lura: ciyawar ta fi yawa a bakin hanya, tana raguwa idan aka nutsa daji. Don Allah a yaɗa wannan bayani.