Tarihin ƙaramar hukumar Wurno: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ƙaramar hukumar Wurno?

A'a, gari ya kafa. Ya gina Wurno a matsayin ribaɗi domin tsare Sakkwato daga harin Gobirawa, a can ya rasu a 1837, kuma a can hubbarensa yake. Ƙaramar hukuma tsarin gwamnati ne da ya zo da gyaran 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Na gaji da ganin ɗalibai suna haɗa abubuwan nan biyu a takardunsu.

Kafin 1976 fa?

En'e, wato hukumar gargajiya, ce ke mulki, uban ƙasa yana tara haraji da jangali ta hannun hakimansa, yana kai wa baitulmali a Sakkwato. Mai zuwa daga Kano ya lura, a nan uban ƙasa ne babba, hakimi yana ƙarƙashinsa.

An haifi mahaifina kafin a rarraba ƙananan hukumomi. Wacce zan rubuta a takardar shaidar asali?

Galibi ana bin ƙauye ne, ba tsohuwar hedikwata ba, domin an sha sake shata iyakoki har zuwa 1996, ta yadda garuruwan da suke bin sakatariya ɗaya a da, yau sun rabu gida biyu ko uku. Saboda haka ka fara tambayar inda ƙauyen kakanka ya faɗa a yanzu, ka je wurin mai unguwa, shi ya kai ka ga hakimi, sannan uban ƙasa ya sa hannu kafin ka doshi sakatariya. Sai dai abin yakan rikice idan iyalinku sun yi ƙaura tun da daɗewa, ko kuma ƙauyen ya faɗa Kebbi a 1991 ko Zamfara a 1996, domin a nan jihar ma ta sauya. Na taɓa ganin dattijo ya fito da tsohon rasidin haraji daga aljihun taguwarsa, duk ya yi laushi saboda naɗewa, kuma sunan ƙauyen da ke jikinsa ne ya raba gardamar. Ba kowane ma'aikaci zai karɓi irin wannan ba, amma kada hankalinka ya tashi, shaidar dattawan gari tana da nauyi. Abin da ba zan lamunta ba shi ne karɓar takarda biyu daga wuri biyu. Ranar tantancewar neman aiki za ka yi da-na-sani.

Za a iya ba garinmu tasa ƙaramar hukumar?

Sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1999 ya buƙaci ƙuri'ar raba gardama da amincewar majalisar jiha, sannan Majalisar Tarayya ta shigar da sunan. Tun 1996 adadin yana nan 774, na Sakkwato 23. Legas ta gwada a 2003, aka riƙe mata kuɗin ƙananan hukumomi.

Wace sarauta ce ta uban ƙasar Wurno?

Sarkin Sudan.